Ƙafar Baba: balan-balan mai magani ko na yau da kullum?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifina ne, shekararsa 68, yana da ciwon suga. Daga gida zuwa masallaci sai sharaɓarsa ta dama ta ɗaure, in ya tsaya ya huta ta saki. Babu gyambo ko kaɗan. Hoto ya nuna jijiyar jinin cinyarsa ta tsuke. Likita ya ce za a zura siririn bututu ta matsematsi, a hura balan-balan a buɗe ta. Iri biyu ne, akwai na yau da kullum, akwai wanda aka shafa wa magani don kada ta sake tsukewa, shi ya fi tsada. Wanda aka yi wa nasa, wanne kuka zaɓa, nawa kuka kashe?

Hajiyar Asawase: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ɗana, ka raba shi da koko mai suga, ka dage masa da zogale.

Ɗan Aboabo: Amin, Hajiya. Yana cin zogale. Aikin nake tambaya.

Maikanti: Ƙanena, kada ka bari a taɓa shi. Yayana, wani mai yankan farce ne ya ɗan yanke shi a babban yatsa. Aka yi ta shafe-shafe a gida har yatsan ya yi baƙi, ɗakin ba ya shiguwa don wari. Da muka kai shi wani asibiti aka yi wannan balan-balan ɗin, ƙafa ta yi ɗumi, muka yi ta murna har da sadaka. Shekara ba ta zagayo ba jijiya ta sake toshewa. Aka yanke yatsa, aka dawo aka yanke ƙasan gwiwa. Filinsa ya tafi, ƙafa ta tafi, mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa tirela zuwa Bawku yanzu sai an ɗaga shi. Miliyan 450 muka zuba.

Ɗan Nima: Miliyan 450? Alhaji, ƙafar ce ko gidan sama a East Legon?

Maikanti: Tsohon kuɗi, yaro. Sidi 45,000.

Ɗan Nima: Tun 2007 aka cire wa kuɗin Ghana sifiri huɗu, Alhaji bai samu labari ba.

Maman Sadiya: Mu a Ankara (Accra) an ce mana 70,000, kuma sai an yi odar balan-balan ɗin daga waje.

Nas a Hamburg: Sannu Alhaji, Allah ya ba yaya haƙuri. Amma wanne aka yi masa? Kuma yana shan taba? Nasa ciwon ya riga ya kai gyambo, na Baba bai kai ba. In an hura balan-balan, bangon jijiya yana ɗan tsagewa, wajen warkewa sai tsoka ta yi ta tsiro daga ciki har hanya ta koma yadda take. Maganin da ake shafawa, paclitaxel, shi ne ake ba masu ciwon daji, yana hana wannan tsiron. Ana riƙe balan-balan a hure kamar minti 3 maganin ya shiga bango, a zare, ba a barin ƙarfe a ciki. Amurka ta amince da shi a 2014. A gwajin IN.PACT SFA da aka kwatanta iri biyun, bayan shekara ɗaya jijiyar cinya tana buɗe a kashi 82 cikin 100 na waɗanda aka yi wa mai magani, na yau da kullum kashi 52.

Maikanti: Yana sha, bai daina ba. Wanne aka yi, wallahi ba su gaya mana ba. Ke kin karanta ne, mu mun ɗauki gammo.

Malam Tafo: Ba wannan maganin ba ne aka ce yana kashe mutane?

Nas a Hamburg: An faɗi haka, Malam. A 2018 wani nazari ya nuna kamar mace-mace sun fi yawa, likitoci suka ja baya. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta duba ƙarin bayanai ta ce ba ta ga wannan haɗarin ba. Ɗan Aboabo, tunda babu gyambo, ka tambayi likita ko za a fara da atisayen tafiya da maganin kitse da na tsinka jini. Ko an yi aikin ma sai ya sha na tsinka jinin, aspirin da clopidogrel.

Maman Sadiya: Na Jamus daban, namu daban. Can inshora ke biya.

Hajiyar Asawase: Ni masu tallan magani a mota ne ke ƙona min rai. Ka hau tun daga Kejetia, kwalba ɗaya wai tana maganin suga, basir da rashin haihuwa.

Ɗan Nima: Har da bashi, Hajiya.

Maikanti: Irin kwalbar nan ce ta cinye mana lokaci. Kullum suna rediyo da asuba, babu mai kama su.

Ɗan Aboabo: Jama'a, har yanzu ban ji wanda aka yi wa mai maganin ba. Ranar Litinin za mu koma.

Malam Tafo: Ai wani ma da lasifika yake zuwa ƙofar masallaci ranar Juma'a, tsofaffi na layi. Sai an yi wa sarakunan zango magana.