Masauki mai sauƙin kuɗi a Alƙahira: waɗanda suka je su ba mu labari

Ɗan Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya kai mu watan Janairu zan kai mahaifiyata Alƙahira a duba mata ido, ni da maiɗakina. Likita ya ce aikinsa ba zai wuce kwana biyu ba, amma mun yanki tikitin kwana shida, domin Hajiya ta daɗe tana burin yin sallah a masallacin Azhar. Guzurin ba shi da yawa, asibiti zai cinye mafi yawansa. Kuma Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Na ga otal uku a intanet: ɗaya a tsakiyar gari kusa da Dandalin Tahrir, ɗaya a Giza da ake hango dalar fir'aunoni ta tagarsa, na ukun a Madinat Nasr, shi ne ya fi arha. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Malami daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Sau biyu na je, kuma zuwan farko a Giza na sauka, hoton nan na dala ne ya ja ni. Gaskiya ne ana ganinta, da asuba ka hau saman bene ka sha shayi tana gabanka, abin yana da daɗi ƙwarai. Amma dala rana ɗaya ake yi mata. Sauran kwanaki huɗun duk abin da na je gani yana ƙetaren kogin Nilu: Azhar, masallacin Husaini, ganuwar Salahuddin, kasuwar Khan Khalili. Tsakanin can da tsakiyar gari bai kai kilomita 20 ba, amma akwai yammacin da na yi kusan awa biyu a cikin mota, har magariba ta same ni a kan gada. Da na dawo gida na zauna na yi lissafi, sai na tarar abin da na rage a kuɗin ɗaki na mayar da shi ga masu tasi, har da ƙari.

Zuwa na biyu na sauka a tsakiyar gari. Ɗakin ya fi ƙanƙanta, tagar ma bangon maƙwabta take kallo, amma minti biyar a ƙafa ina tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Sadat. Shawarata, malam, ka ajiye maganar farashi tukuna. Fara buɗe taswira ka sa alama a kan asibitin da kuma wuraren da Hajiya take son gani, sannan ka nemi ɗaki a tsakaninsu.

Uwar Biyu:
Maganar Malam haka take, amma akwai abin da bai faɗa ba, kuma shi ne zai fi shafar Hajiya. Yawancin ƙananan otal na tsakiyar gari ba gini guda ba ne nasu. Hawa ɗaya ko biyu suke kamawa a cikin tsohon bene, ƙasa shaguna, sama gidajen mutane. Namu a hawa na shida yake. Liftar irin ta da ce, mai ƙofar ƙarfe da ake ja da hannu, mutum uku ta cika. A rana ta biyu ta tsaya cak, ba a gyara ta ba sai washegari da yamma. Surukata ce tare da ni, mace mai shekara saba'in da wani abu. A ranar ba ta sauko ba ko sau ɗaya, ni na riƙa hawa da sauka ina kawo mata abinci. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin ranar muka shirya zuwa Husaini.

Don haka kafin ka biya ko sisi, ka tura musu saƙo ta WhatsApp ka ce su ɗauko maka bidiyo tun daga bakin titi, ƙofar shiga, matakala, lifta, har cikin banɗaki. Ka lura ko akwai matakala kafin a kai ga liftar kanta, sau da yawa akwai takwas ko goma. Ka tambayi ruwan zafi, ka tambayi bargo. Mutanenmu suna ɗauka Masar zafi ce kawai, alhali Janairu sanyinta da dare ya kai na tsakiyar hunturu a Kano, ga ɗakunan masu dogon rufi da daɓen tayil. Kuma kada ka biya kwana shida gaba ɗaya. Biya ɗaya ko biyu, in ka ga ya yi maka sai ka ƙara.

Ɗalibi a Hayyul Ashir:
Sannunku iyayena. Shekarata ta biyar ke nan ina karatu a nan, kuma kusan duk wata sai na tarbi baƙo daga gida. Yaya Ɗan Gusau, Madinat Nasr ba laifi gare ta ba, a nan yawancinmu ɗalibai muke, kusa take da filin jirgi, kuma za ka samu mai yi maka tuwo da miyar kuka in Hajiya ta gaji da burodi da wake. Sai dai unguwa ce mai faɗin gaske. Otal zai rubuta Madinat Nasr alhali yana can ƙarshenta, inda ba jirgin ƙarƙashin ƙasa, kullum sai mota. In asibitin yana wannan ɓangaren, to ka kwana biyun farko a nan, sauran huɗun ka koma cikin gari. Ba dole ba ne mutum ya yi zamansa duka a masauki ɗaya.

Game da yawo, kuskuren da nake yawan gani shi ne baƙo ya ce yau da safe dala, da azahar Azhar, da la'asar gidan tarihi. Garin nan ba ya yarda da haka. A ba kowace rana unguwa ɗaya. Azhar da Husaini suna kallon juna, titi ne kawai a tsakani, kuma Khan Khalili da titin Mu'izz suna manne da su, wannan rana guda ce cikakkiya. Ganuwar da Salahuddin ya fara ginawa a 1176, da masallacin Muhammad Ali da ke cikinta, da masallacin Sultan Hasan a gindinta, wannan ma rana guda. Tsohuwar unguwar Fusɗaɗ kuma nan ne masallacin Amru ɗan Asi, kuma ba nisa da shi akwai gidan tarihin da aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyin Masar ta da su 22 a watan Afrilun 2021. Mutane da yawa har yanzu suna zuwa tsohon gidan tarihi na Tahrir neman gawar Ramsis na biyu, sai su tarar ba ta nan. A zauren gawarwakin ba a yarda a ɗauki hoto ba, gara ku sani tun yanzu. Kayan fir'auna Tutankhamun su ma sun koma babban gidan tarihin da aka buɗe kusa da dala a Nuwamban 2025, sai ka haɗa shi da ranar Giza.

Abu na ƙarshe, manyan wuraren nan yanzu da kati ake sayen tikitin shiga, ba sa karɓar tsabar kuɗi daga baƙi. Na sha tsayawa a bakin ƙofa da baƙo katinsa na naira ya ƙi aiki. Ka gwada naka tun kana gida, ko ka zo da na dalar Amurka.

Bahaushen Sudan a Faisal:
Salamu alaikum. Mu asalinmu Mai Wurno ne a bakin Shuɗin Nilu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya kawo ni nan da iyalina. Ina so in ja kunne a kan gidan haya mai kaya a ciki, don na san wani zai ba ka wannan shawarar. Da can ya fi otal sauƙi nesa ba kusa ba. Tun da jama'armu suka kwararo, haya ta tashi sosai a unguwannin Faisal da Haram da Madinat Nasr, kuma dillali zai karɓi nasa, mai gida ya riƙe kuɗin ajiya wanda dawo da shi sai an kai ruwa rana. Wanda zai yi wata guda yana jinya, gidan haya ya fi masa. Mai kwana shida, otal.

Ka tambaye su a rubuce ko farashin da ka gani ya haɗa da haraji. Akwai harajin kashi 14 cikin ɗari, wasu kuma su ɗora kuɗin hidima a kai, sai ranar tafiya ka ga lissafi ya canza. Ka tambaya da wane kuɗi za ka biya, fam na Masar ko dalar Amurka. Kuma ka zo da takardar aurenku, ni an tambaye ni ita a wani ƙaramin otal a Iskandariyya, da ba ta cikin jakata da mun kwana ɗaki daban-daban. Fasfo su ɗauki hotonsa su ba ka abinka, kada ka bar shi a hannunsu.

Dattijo daga Damagaram:
'Ya'yana duk kun yi magana mai amfani, Allah ya yi muku albarka. Ni dai zan saɓa muku kaɗan. Wannan baiwar Allah ba dala ce ta kai ta ba, ɗanta ya faɗa, Azhar take so. Ni da na je, a wani ɗan masauki na sauka bayan masallacin Husaini. Ba zan ɓoye ba, ɗakin tsoho ne, kuma hayaniyar dandalin ba ta lafawa sai wajen ƙarfe biyu na dare. Amma kwana biyar na yi ina sallar asuba a Azhar, a ƙafa nake zuwa. Masallacin da aka gama ginawa a shekarar 972, ka zauna a tsakar gidansa bayan sallah ka ga yara daga Indunusiya da Senegal da Kano kowa da littafinsa. Mutanenmu sun daɗe da sanin wurin nan, har ruwaƙi (masaukin ɗalibai) na musamman 'yan Barno suke da shi a ciki. Imamu Suyuɗi da ya rubuta wa sarkin Katsina da na Agadas wasiƙar nasiha, a garin nan ya zauna, a nan aka binne shi a 1505. Na ziyarci Imamu Shafi'i a maƙabartar Ƙarafa, na nemi a kai ni inda manyan malaman Malikiyya suke, Ibnul Ƙasim da Ashhab, direban bai san wurin ba sai da wani tsoho mai gadi ya yi mana jagora.

Wanda ya je don wannan, kada ya sauka inda sai ya shiga mota kafin ya kai. Tsoho in ya gaji da mota sau ɗaya, gobe cewa zai yi ku je ku dawo.

Uwar Biyu:
Baba, maganarka ta taɓa ni wallahi. Abin da kawai nake ji wa Hajiya shi ne lungunan bayan Husaini, mota ba ta shiga wasunsu, ga daɓen dutse mai santsi. Kuma hanyar ƙarƙashin titi da ake bi daga Husaini zuwa Azhar matakala ce sauka da hawa. In za su bi shawararka, su nemi masauki a ɓangaren Azhar ɗin, wanda tasi zai iya tsayawa a ƙofarsa. Maiɗakinka kuma, Ɗan Gusau, ka faɗa mata jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da taragun mata zalla a tsakiya, ita da Hajiya su shiga nan, ku haɗu a tashar da za ku sauka. Amma da safe da bayan la'asar kada ku kusance shi da tsohuwa, ku kira Uber.

Malami daga Zariya:
Na manta ban yi maganar dala ba. Ku isa da an buɗe, kafin rana ta ɗaga. Masu raƙuma da keken doki za su yi muku caa tun daga nesa, wani ma ya ce ƙofa a rufe take sai ta wurinsa. Ku wuce wurin sayar da tikiti kai tsaye. In Hajiya tana son keken doki, ku yanke kuɗin zuwa da dawowa tun ƙafarta tana ƙasa, ku ambaci cewa fam ne. Shiga cikin babbar dalar Khufu tikitinsa daban, kuma a sunkuye ake hawa wata doguwar hanya mai ƙunci. Ni na shiga, kwana biyu cinyoyina suna ciwo. Hajiya ta zauna a waje.

Ɗan Gusau:
Alhamdu lillahi mun dawo, aikin ido ya yi kyau, Hajiya tana gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Na bi shawarar ƙanina ɗalibi na raba zaman biyu. Kwana biyun farko a Madinat Nasr kusa da asibiti, shi da kansa ya zo filin jirgi ya tarbe mu, Allah ya ba shi ilimi mai amfani. Otal na tsakiyar gari da na so kamawa, da suka turo bidiyo na ƙirga matakala goma sha ɗaya kafin lifta, sai na haƙura da shi. Muka samu wani a kan titin Azhar, hawa na ɗaya, ya ɗara wancan tsada kaɗan. Tagarsa titi take kallo, dare biyun farko ƙarar hon ta hana maiɗakina barci, sai da suka canza mana ɗaki zuwa baya. Bargo ɗaya suka ba kowa, na roƙi ƙari suka kawo.

Ganuwar Salahuddin ba mu samu zuwa ba, likita ya hana Hajiya shiga ƙura da iska kwana uku bayan aikin. Dala mun je ranar ƙarshe, daga cikin mota ta kalle ta ta ce ta gani, a mayar da ita. Juma'a kuwa tun ƙarfe goma ta sa muka fita, maiɗakina ta ɗaukar mata 'yar kujera mai naɗewa, suka samu wuri a sahun mata na Azhar. Baba na Damagaram, ta ce in faɗa maka asuba uku ta samu a can, kuma ta sa ka a addu'a.