Tambaya: idan baƙin rami haɗiye haske yake yi, daga ina kweza ke samun nata?

Malama Mai Alli:
Assalamu alaikum. Ina koyar da fizik a wata sakandaren 'yan mata. Jiya na faɗa wa 'yan ajina cewa kweza (quasar) na cikin abubuwan da suka fi komai haske a sararin samaniya, kuma baƙin rami (black hole), wato wuri mai tsananin ƙarfin janyo abubuwa, shi ke rura ta. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malama, ba kin ce ko haske ba ya kuɓuta daga baƙin rami ba?" Na yi mata alkawarin amsa ranar Litinin. Don Allah ku taimaka da bayanin da 'yar shekara 16 za ta gane.

Ɗan Tudu:
Wa alaikumus salam Malama. Yarinyar nan akwai kai! Hasken ba daga cikin ramin yake fitowa ba, daga bakinsa ne. Gas da ƙurar da yake janyowa ba sa faɗawa kai tsaye. Kewaya shi suke yi, su zama kamar faifai, na ciki ya fi na waje gudu, suna ta gogar juna. Ki tuna mata yadda igiyar guga ke ƙona tafin hannu idan ta zame da gudu. To a nan zafin dubun-dubatar digiri ne, shi ne muke gani tun kafin abin ya faɗa. Lissafin ne ya fi burge ni: rana kashi 0.7 cikin 100 kawai na nauyin haidirojin take mayarwa makamashi, faifan nan kuwa kusan kashi 10 na nauyin abin da ke faɗawa. Edwin Salpeter a Amurka da Yakov Zeldovich a Tarayyar Sobiyet suka kawo wannan bayani a 1964, kowa da kansa.

Baba Mai Ritaya:
Ya yi daidai, amma an sha gardama kafin a yarda. A 1963 Maarten Schmidt ya gano wata kweza mai suna 3C 273 tana nisan shekarun haske sama da biliyan 2 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya cikin shekara guda). Ga nisa, ga haske, kuma hasken wasu kweza yana sauyawa cikin makonni, alamar wurin da yake fitowa ƙarami ne ƙwarai. Fred Hoyle da William Fowler suka ce wani jibgegen tauraro ne. Halton Arp ya dage cewa kusa suke, galaksi, wato manyan tarin taurari, su ke tofo su. Ni dai hotunan Hubble, madubin hangen nesan da ke sararin samaniya, su ne suka kashe min bakin zancen, da suka nuna kweza zaune a tsakiyar galaksi masu nisa.

Malama Mai Alli:
Allah Ya saka da alheri. Na san za ta ƙara da wata: namu galaksin ma yana da baƙin rami, me ya hana shi haske?

Ɗan Tudu:
Rashin abinci, Malama. Namu ya kai nauyin rana miliyan 4, amma gas ɗin da ke isa bakinsa kaɗan ne. Na 3C 273 nauyin rana ɗaruruwan miliyoyi ne, kuma ci yake ba ƙaƙƙautawa.

Malama Mai Alli:
Madalla. Ranar Litinin da igiya zan shiga aji, ita zan fara ba wa ta riƙe.