Masu koyar da ɗinkin bargon ƙyallaye, ya kuke yi da ɗalibai masu son canza samfur?

Maman Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu koyar da ɗinkin kwilt, bargon nan da ake harhaɗa ƙyallaye a sa auduga a tsakiya a yi masa shafi sannan a bi shi da ɗinki, ku zo ku ba ni labarin yadda kuka yi da naku ajin. Zan fara koyarwa ranar Asabar da safe, duk sabbin hannu ne, wasu ma taka keke kawai suka iya. Tun ba a fara ba wata ta ce ita na jariri take so ba na gado ba, wata ta ce gidajen ƙyallen da ke cikin samfurin da na tura musu sun yi mata girma a rage, wata kuma ta aiko hoton wani mai taurari wai irinsa sak take so. To in bar kowa ta canza yadda ta ga dama ne ko in ce a'a? Sannan ajin ƙarfe takwas ne na san wasu ba za su karya ba za su fito, ina tunanin in gasa kukis ɗin ots in ajiye musu, wadda ta taɓa yi ta faɗa min ko yana da amfani ko ƙarin wahala ce kawai.

Mai Keken Hannu

Wa alaikumus salam Maman Biyu, Allah ya sa a fara a sa'a. Ni abin da nake yi a ajina, kala kam kowa ta zaɓi abinta ba ruwana, ko baƙi da ruwan ɗorawa ta haɗa nata ne, amma girman bulok, wato haɗaɗɗun ƙyallayen da ake ɗinkawa su ba da fasali guda mai kusurwa huɗu sannan a jera su su zama bargo, babu mai taɓawa sai ta iya lissafinsa da kanta, kuma lissafin ba wani abin tsoro ba ne. Ranar farko ba ma buɗe keke sai na tabbatar kowa ta gane cewa awo iri biyu ne, akwai awon da ƙyalle zai kasance bayan an gama ɗinki, akwai kuma awon da za a yanka. Rarar ɗinki, wato bakin yadin da ɗinki ke cinyewa, a wannan aikin kwatan inci ce a kowane gefe, to murabba'i dai kina ƙara masa rabin inci kenan. Ina fara musu da mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance. In bulok ɗin inci 12 ne to kowane gida inci 4 ne, a yanka 4 da rabi. Waccan da ta ce ya yi mata girma ki miƙa mata biro da takarda ki ce in tana son inci 9 nawa za ta yanka? In ta ce 3 da rabi shikenan ki ƙyale ta ta canza, ta gane. In ta tsaya kallonki to ta yi na kowa da kowa tukuna. Wallahi da yawansu minti biyar suke ganewa, daga nan har su fara koya wa na kusa da su ke kuma ki samu ki sarara.

Kuma ki nuna musu ba kowace lamba ke rabuwa da daɗi ba. Mai gida tara da 6, 9, 12 yake shiri saboda uku yake rabuwa, in wata ta nace sai inci 10 to za ta ƙare da uku da sulusi, ita kuwa rula babu sulusi a jikinta.

Tela Dattijo

Hajiya ku yi haƙuri namiji ya shigo maganar mata, amma na jima ina koyar da yara wannan ɗinkin a gefen aikina. Abin da na fi gani yana ɓata wa masu canza samfur aiki shi ne injin fotokwafi. Akwai wata ɗalibata mai ƙoƙari, ta ɗauki takardar samfurin ta kai aka rage mata zuwa kashi 75 don bulok mai inci 12 ya koma 9. Tunaninta daidai ne, sai dai injin bai san rarar ɗinki ba, ita ma ya rage ta. Gidan da ya kamata ta yanka 3 da rabi ya fito 3 da 3/8, ta zo ta ɗinka da kwatan incinta kamar kullum, bulok ya tashi 8 da 5/8. A masu murabba'i zalla abin ba ya nunawa sosai tunda duk tare suka ragu, amma nata da alwatika a ciki, duk tsinin ya shige cikin ɗinki. In za a rage a cire rarar tukuna, a rage ainihin fasalin, sannan a mayar da kwatan incin da hannu.

Na biyu, kafin kowa ta taɓa yadinta mai kyau a yi gwajin keke. A yanka tsiri uku masu faɗin inci 1 da rabi a haɗa su a goge, na tsakiya ya zama inci 1 cif, dukansu 3 da rabi. In bai ba da haka ba a liƙa salatif a jikin keken daidai inda bakin yadi zai riƙa bi. Mutane na raina abin, amma in ɗinkinki ya wuce da 1/16 na inci kowane ɗinki ya cinye 1/8 kenan tunda ƙyalle biyu yake ci, ɗinki takwas a jere inci guda ya tafi.

Uwar Ɗakin Allura

Ni fa ban cika yarda da tsaurin nan ba Anti Mai Keken Hannu, ki yi min afuwa. Na ga mata da yawa da suka zo aji da zumuɗinsu aka tare su da lissafi tun daga ƙofa, sati na biyu ba a ƙara ganinsu ba, wata ma cewa ta yi lissafi ne ya kore ta daga makaranta ga shi ya biyo ta gaban keke. Ku nemi hotunan bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauye ne a jihar Alabama ta Amurka, tsofaffin kayan aiki da wandunan jins suke yankawa su haɗa, layukan a karkace gidajen ba daidai suke ba, amma a 2002 aka baje kolinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston daga nan aka kai wani irinsa mai suna Whitney a New York, duniya ta tsaya kallo. Ba rula ce ta kai su can ba ido ne da hannu.

Shi ya sa ni ajin farko da wanda ake kira log kabin nake farawa, murabba'i ƙarami a tsakiya, bisa al'ada ja ake sawa, sai a riƙa zagaye shi da tsiri ɗaya bayan ɗaya, ɓangare guda masu haske ɓangare guda masu duhu. Daɗinsa shi ne in kina son babba ki ƙara zagaye in ƙarami ne ki tsaya da wuri, a ƙarshe a ɗora rula a datse duka su zo ɗaya. Kowa ta canza abinta kuma babu wadda ta yi kuka. Lissafin yana zuwa da kansa ranar da ta so yin abin da ba ya yafiya, ranar ita za ta roƙe ki.

Mai Keken Hannu

Hhh Yaya ai ba korarsu nake ba. Kuma matan da kika ambata tun suna yara suke gefen iyayensu suna ɗinki, idonsu ya riga ya zama rula. Amma na yarda log kabin yana rufa wa sabon hannu asiri.

'Yar Kicin

Bari in amsa na kukis ɗin tunda kowa ya tsallake shi. Eh yana da amfani sosai, ni na lura wajen ƙarfe goma ne ake fara ɗinka ƙyalle a baibai, yunwa ce kawai ba komai ba. Yadda nake yi, ayaba biyu da suka nuna luguf har bawon ya fara baƙi a dame su da cokali mai yatsu, ots kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi gwargwadon girman ayabar, kirfa kaɗan, gishiri ɗan mitsitsi, sai busasshen inabi ko yankakken dabino. Ba fulawa ba suga ba bota. In kina so ya riƙe ciki ki fasa ƙwai ɗaya ko ki sa cokali biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa. Ki bar kwaɓin ya zauna kamar minti goma ots ɗin ya sha ruwan ayabar, in ba haka ba yana wargajewa. Obin digiri 180 na Celsius, minti 12 zuwa 15. Abu ɗaya da ba a faɗa, ba ya bajewa a wuta kamar kukis mai bota, yadda kika ɗora haka zai fito, to ki danna shi da bayan cokali ya yi faɗi kafin ki sa. Kuma taushi gare shi kar wata ta zata ƙaras-ƙaras za ta ji. Daren Juma'a nake gasawa in sa a firij saboda yana da danshi ba ya son zama a waje, ragowar kuma firiza.

Nas Mai Ɗinki

'Yar Kicin ta gama magana amma ga ƙari daga abin da ya faru a ajinmu. Malamarmu ta kawo mai cakulan a ciki, wata ta ci ta koma kan farin yadinta, sai ga shatin yatsu uku a tsakiyar bulok ɗin da ta gama, ranar har da hawaye. Tun daga nan tebur daban aka ware wa abin ci can nesa da yadi, a tsaya gaba ɗaya a ci a wanke hannu a dawo, kuma ba cakulan ba mai maiƙo. Sannan Maman Biyu ki tambaye su tun kafin ranar ko akwai wadda gyaɗa ko ƙwai ba sa karɓarta, wannan ba abin wasa ba ne wasu har numfashi yake toshe musu. Kuma kar a ce don ba a zuba suga ba mai ciwon suga ta saki jiki, ayaba nunanna da dabino zaƙi ne sosai, ki faɗa musu abin da ke ciki kowa ta san iyakarta.

Tunda na shigo, rezar nan mai taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fara fitarwa a 1979, ita ta sauƙaƙa aikin nan amma kaifinta ba kaɗan ba. Dokar ajinmu duk wadda ta yanka ta rufe bakin kafin ta ajiye ko da yanzu za ta sake ɗauka, kuma gaba ake turawa ba a jawowa wajen jiki, yatsu su yi nesa da bakin rula. Ki ajiye filasta a jaka.

Anti Mai Zanen Giraf

Maganar mai son na jariri ita ce mafi sauƙi a cikin ukun, ba sai an taɓa girman bulok ba sam, yawansa za a rage. Bulok mai inci 12 ta yi uku a kwance huɗu a tsaye ta samu 36 da 48, ya ishi jariri har ya fara tafiya. Mai son babba kuma ta ƙara layi, ko a sa siririn tsiri tsakanin bulok da bulok, ko a zagaye shi da boda mai faɗi. Ni ina raba musu takardar giraf mai gida-gida da fensirin kala su zana duka bargon tukuna, a nan ne wata za ta ga ashe abin da ke kanta bulok talatin yake ci sai ta sauko da kanta ba ki ce komai ba.

Kalar ma da ake cewa a sake musu, akwai ɗan taimakon da nake yi. Sabon hannu tana ɗauko yadi biyar masu kyau amma duk nauyin kalarsu ɗaya, in aka haɗa fasalin ya ɓace. Sai in ce ta jera su ta ɗauki hoto da waya ta mayar da shi baƙi da fari, in duk suka zama toka iri ɗaya to ta nemo mai haske sosai da mai duhu sosai. Kuma ja da shuɗi mai duhu a wanke kafin a yanka, suna zuba, yadin auduga kuma yana ɗan shigewa a wankin farko.

Maman Biyu

Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Tela gwajin tsirin nan yau zan yi a nawa keken ma. To saura mai taurarin fa, ita ce ta fi kowa naci.

Tela Dattijo

Hajiya tauraro alwatika ne, alwatika kuwa a gicciye ake yanka shi, gefen nan yana miƙewa da an ja shi kaɗan ko an goga da ƙarfi. Kar ta yanka shi ɗaiɗai. Ta haɗa murabba'i biyu fuska da fuska, ta ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ta yi ɗinki kwatan inci a dama da hagun layin sannan ta yanke a kan layin, biyu za su fito lokaci guda. Lissafinsa a ƙara 7/8 na inci a kan awon ƙarshe, amma ni cewa nake su ƙara inci guda cif su datse daga baya. Guga kuma ɗorawa ake a ɗaga, ba a ja, a kwantar da ɗinkin wajen yadi mai duhu. Ki ce mata ta yi mai gida tara tare da kowa wannan Asabar ɗin, sati na uku ta yi tauraro guda ɗaya tal ta sa shi a tsakiyar bargon sauran su zagaye shi.

'Yar Kicin

Maman Biyu in ayabarki ba ta nuna ba zuwa Juma'a ki sa ta a obin da bawonta har ya yi baƙi, ki bari ta huce sannan ki dama.