Mako guda zan yi a jirgin ruwa, ta yaya saƙona zai riƙa isa wurin Baba ba tare da kredi ya ƙone ba?

Maman Iklima, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar waya ko suka taɓa tafiya ta teku. Ƙanena da ke zaune a Marsai ta Faransa ya biya mana kuɗin irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, ni da shi da iyalinsa, mako guda a Bahar Rum. Daga Marsai za mu tashi, mu tsaya Italiya, Tunis da Barsalona, mu dawo. Damuwata Baba ne. Kunnensa ya yi nauyi, kira ba ya yi masa amfani, kuma 'yar ƙaramar waya mai maɓalli gare shi, babu WhatsApp. Kullum bayan asuba nakan rubuta masa saƙo, ya sa tabarau ya karanta, ya amsa da "lafiya lau". Ranar da bai gani ba, ko kunu ba ya sha sai ya ji dalili. Layina na Kamaru zai yi aiki a tsakiyar ruwa? Kredin nawa zan zuba?

Ɗan Kusiri:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abu mai sauƙi. Kina sauka Faransa ƙanenki ya saya miki layin can. Tun 2017 layin ƙasa ɗaya ta Tarayyar Turai yana aiki a sauran ƙasashen ba ƙarin kuɗi. Ki ajiye na Kamaru a jaka.

Mai Gyaran Waya, Marwa:
Ɗan uwa, rabin maganarka daidai ce, ɗaya rabin kuma shi ne ramin da mutane ke faɗawa. Dokar da ta fara aiki a watan Yunin 2017 ta shafi rezo, wato sabis na waya, wanda ke kan tudu ne kawai. Hajiya, ki saurara da kyau. Idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, rezon ƙasa yakan ɓace, sai jirgin ya kunna nasa, wanda ke bi ta tauraron ɗan Adam. Wayarki ba za ta tambaye ki ba, da kanta za ta kama shi. Za ki ga wani baƙon suna a saman allo, kamar Cellular at Sea ko Telenor Maritime, ko kuma lamba da ta fara da 901. Duk lokacin da kika ga haka, farashin teku kike kai, ba na Faransa ba, ba na Italiya ba, kuma babu forfe, wato tsarin kira ko intanet, da kika saya a gida da zai rufe shi. Kira da tsada, amsa kira ma biya ake yi, intanet kuwa shi ne uban tsada domin waya tana cin mega ko tana cikin aljihu.

Layin Turai yana da ɗan birki: idan intanet na romin, wato amfani da layi a wajen ƙasarsa, ya kai Yuro 50 ban da haraji, kusan sefa 32,800 kenan, akan tsayar da shi har sai mai layin ya yarda a ci gaba. Amma wannan bai shafi kira da saƙo ba. Sannan Tunis ba ta cikin Tarayyar Turai, ko kin taka ƙasa a can layin Faransa ba kyauta ba ne.

Abin yi: kafin jirgi ya bar tasha, ki danna alamar jirgin sama a wayarki, abin da muke cewa mod aviyon, sannan ki kunna waifai kaɗai. Ki kashe intanet na romin tun kina Garwa. Kada ki cire alamar nan sai kin ga an ɗaure jirgi a tasha.

Hajiya Babba, Ngaundare:
'Yata, na yi irin tafiyar nan da jikokina, abin da mai gyaran waya ya faɗa haka yake. Wata da muke cin abinci teburi ɗaya ta kwanta da kredinta cike, ta tashi babu ko dala, ba ta kira kowa ba. Waifai na jirgi saye ake yi, kuma galibi kowace waya da kuɗinta, don haka ki ce wa ƙanenki ya duba farashi tun kafin ku shiga, yakan fi sauƙi da saye a ciki. Idan akwai ƙaramin tsari na rubutaccen saƙo kawai, ya ishe ki. Ni abin da ya fi damuna mutanenmu ne. Ana biki a Sabongari, sai a jero miki bidiyon kamu da na ɗaurin aure guda goma, wayar ta tsaya tana nishi. Ki shiga saitin WhatsApp ki hana hoto da bidiyo sauka da kansu.

Kuma ai ba kullum kuke tsakiyar ruwa ba. Irin wannan zagaye da dare ake tafiya, da safe a tsaya a gari. Sai dai ki lura, lokacin asubar da kika saba rubuta wa Babanki, yawanci jirgi bai iso tasha ba tukuna. Ki gaya masa tun yanzu cewa saƙon zai koma hantsi. Idan da bazara ne, agogon Faransa da Italiya yana gaban namu da awa ɗaya, na Tunis kuwa daidai yake da namu.

Malam, Njamena:
Bari in ƙara abin da ba a cika lura da shi ba, tunda rubutaccen saƙo ne tushen maganar. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne idan da bakaken boko na yau da kullum aka rubuta. Da zarar kin saka harafi mai lanƙwasa ko guda, ɗ ko ƙ ko ɓ, ko 'yar fuskar murmushin nan, sai ya koma 70 kacal. Gaisuwar da kike gani saƙo ɗaya ce, sai a caje ki biyu ko uku. A gida ba ma ji saboda forfe, a waje kowane ɗaya da kuɗinsa. Ni malamin makaranta ne, ba na son ganin an rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", amma na mako guda ki bar lanƙwasar, Baba zai gane. Wata ƙaramar wayar ma ba ta nuna haruffan, sai ta fito da 'yan akwatuna.

Maman Iklima, Garwa:
Allah ya saka da alheri, wallahi maganar 160 da 70 ban taɓa ji ba. Saura biyu. Idan Baba ya amsa wayata tana rufe, saƙon ya ɓata? Shi kuma nawa za a cire masa? Sannan katina na banki, duk sayayyar da zan yi ta intanet sai an turo lamba a layina na Kamaru.

Mai Gyaran Waya, Marwa:
Ba ya ɓata nan take, kamfani yakan riƙe shi na wani lokaci, kina buɗe layi a tasha zai shigo. Idan lambarki ta Kamaru ya tura wa, kuɗin gida za a cire masa ko kina bangon duniya. Amma idan da layin Faransa kika rubuta masa ya amsa a can, saƙon ƙasar waje ne, shi zai ɗauki nauyin. Shi ya sa ban yarda ki jefa layinki a jaka ba. Kafin tafiya ki je ofishin kamfanin layinki a Garwa, a tabbatar an buɗe miki romin, a faɗa miki kuɗin saƙo ɗaya daga Faransa, Italiya, Sifaniya da Tunisiya, ki rubuta a takarda, ki lissafa na kwana bakwai ki ɗan ƙara. Tunda layin zuba kredi ne, kada ki tula da yawa, abin da ke ciki shi ne iyakar abin da za a iya ci. Lambar Baba ki adana ta da +237 a gaba, in ba haka ba saƙon yana iya ƙin tafiya. Sayayya da kati ki bari sai kuna tasha. Kuma kada ki goge WhatsApp ko ki canza waya a cikin jirgi, lambar sake buɗe shi ta saƙo take zuwa.

Hajiya Babba, Ngaundare:
Akwai ranar da jirgi ke wuni a ruwa ba ya tsayawa ko'ina, ki duba takardar tafiyarku ki gane wace rana ce. A ranar ki tura wa Iklima ta WhatsApp, ita kuma ta kwafe ta tura wa kakanta daga layin gida. Ki ba ta lambar ƙanenki da sunan jirgin da lambar ɗakinku, saboda ko-ta-kwana.

Ɗan Kusiri:
To ni dai har yanzu ina kan cewa a sayi layin Faransa, ko don intanet a Barsalona da Italiya. Waya mai layi biyu ce da ke, Hajiya?

Maman Iklima, Garwa:
Biyu ce. Gobe in sha Allahu zan biya ta ofishin nasu bayan na buɗe shago, farashin da suka ba ni zan kawo muku nan.