Cable jarumi ne ko sojan haya ne kawai?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya na sake karanta komik ɗin Cable, ɗan duniyar X-Men ta Marvel, na 1992, Blood and Metal, mai kashi biyu ɗin nan wanda Fabian Nicieza ya rubuta, kuma wallahi har yanzu raina bai kwanta ba. Ni dai ra'ayina a daina sa mutumin nan a layin jarumai. Sojan haya ne, kuɗi ake ba shi ya je ya yi aiki da tawagarsa ta Six Pack, kuma ranar da abu ya ɓaci shi da hannunsa ya harbi Hammer, ɗan tawagarsa, ya ɓace ya bar sauran a cikin ginin da ke shirin tarwatsewa. Hammer ya ƙare a keken guragu, Garrison Kane, shi ma ɗan tawagar, ya rasa hannuwa da ƙafafu. Wanda ya yi wa mutanensa haka ta ina ya zama jarumi? Hannun ƙarfe da ido mai haske ne suka ruɗe mu tun muna yara.

Autan Hajiya: Wa alaikumus salam. Haba Yaya, ai ka yanke labarin a tsakiya. Me ya sa ya harbe shi? Stryfe, abokin gabar Cable, ne ya riƙe Kane yace sai an ba shi wani faifan bayanai da ke hannunsu, Hammer kuma ya miƙa hannu zai bayar, to shi Cable ya san waye Stryfe su basu sani ba, ya san abinda zai yi da faifan in ya shiga hannunsa, a daƙiƙa ɗaya ya zaɓa. Ba don kuɗi ya harba ba.

Ɗan Kurmi: Ƙanena, to wa ya hana su sani? Shi ne. Shekaru suna bin sa suna zaton kwangila suke yi a biya su su raba, ashe shi yaƙinsa na kansa yake yi da su. Da ya zaunar da su yace ga abinda ke ƙasa, duk wanda ya bi shi ya bi da saninsa. Bai yi ba.

Malama Mai Alli: Ku bari in sa baki, don naga wasu a nan fim ɗin Deadpool 2 na 2018 kawai suka kalla inda Josh Brolin ya fito a matsayinsa, kuma fim ɗin bai faɗi asalinsa ba sam. Sunansa Nathan Summers, ɗan Cyclops na X-Men ne da Madelyne Pryor, ita kuma Madelyne kwafin Jean Grey ta X-Men ce da wani mugun masanin kimiyya Mister Sinister ya ƙera takanas don a haifi yaron da zai iya karya babban azzalumin nan Apocalypse. Kenan tun kafin a haife shi makami aka nufa da shi, ba ɗa ba. A matsayin jariri ya fara fitowa a Uncanny X-Men lamba 201 a 1986. Sai Apocalypse ya sa masa ƙwayar cutar nan mai mayar da nama ƙarfe, yana ƙaramin yaro, babu magani a zamaninsu, uban ya miƙa shi ga wata mata daga ƙungiyar Askani ta tafi da shi zamani mai zuwa, kusan shekaru 2000 a gaba, wannan a X-Factor lamba 68 ne, 1991. A can ya tashi, ƙasar da Apocalypse ke mulki, tun yana saurayi yake yaƙi. Kuma abinda mutane basa lura da shi, ƙarfen nan na jikinsa ba ado ba ne, ba wai ya je an sa masa don ya ƙara ƙarfi ba, cuta ce mai ci kullum, baiwar da yake da ita ta motsa abu da tunani kusan duk a kan danne cutar take ƙarewa dare da rana don kar ta cinye shi. Ni duk lokacin da na tuna wannan sai tausayinsa ya kama ni, mutum ne da ya tashi da ciwo a jikinsa tun yana goye.

Ɗan Kurmi: Malama na yarda da duk tarihin da kika kawo, kuma nima ina tausayin yaron. Amma ciwon mutum ba ya zama lasisin nakasa wasu. Kane ma ai ƙarfe ya koma, kuma ba cuta ce ta mayar da shi ba, shawarar da Cable ya yanke ce ta jawo.

Baban Gareji: Nan fa Ɗan Kurmi ya taɓo inda ke min ciwo. Ni aikina da yara ne, kuma duk wanda ya riƙe yara a wajen aiki ya san in ka tura yaro ƙarƙashin mota kai ne ka ɗau alhakin jak ɗin. Bar ma maganar Six Pack, su manya ne sun san hatsarin sana'arsu. Ku duba abinda ya yi da New Mutants. Ya shigo komik ɗinsu a lamba 87 a 1990, ya tarar da ɗalibai, yaran makarantar Xavier wanda ya kafa X-Men, su Cannonball da Boom-Boom, kafin a kai lamba 100 ya juya su sun zama runduna, aka rufe wannan komik ɗin aka buɗe X-Force a 1991. Ɗalibai fa. Xavier karatu da kame kai yake koya musu shi kuwa ya koya musu kai hari kafin a kawo musu. Wannan ko a ina aka yi shi sunansa ɗaya, sa yara a yaƙi.

Autan Hajiya: Baba da girmanka, amma lokacin da ya same su wa ke kula da su? Xavier baya nan, Magneto da aka bar wa makarantar ya tafi, an riga an kashe musu Doug Ramsey, ana farautarsu ta ko'ina. Yaran nan a cikin yaƙi ya tarar da su ba shi ya kai su ba, abinda ya yi shine ya koya musu yadda zasu fita da rai, kuma Cannonball a hannunsa ya zama shugaban da har manyan X-Men suke girmamawa.

Baban Gareji: Ɗana, koya wa yaro kare kansa daban, ɗaukarsa ka je farautar abokin gabarka daban. Stryfe abokin gabar Cable ne, kwafinsa ne ma da aka yi a can gaba, rigimar gidansu ce ya kwaso ta ya zube a kan 'ya'yan mutane.

'Yar Damagaram: Sannunku. Ni inda na tsaya shine kalmar sojan haya ɗin ce bata zauna min ba. Sojan haya wanda ya fi biya shi yake bi. Deadpool a farkonsa shine misali, a New Mutants lamba 98 wani mai suna Tolliver ya biya shi ya je ya kashe Cable, bai tambayi dalili ba. Shi kuwa Cable aikin haya rufa ce da hanyar tara kuɗi da makamai, babu adadin da zaka ba shi ya daina yaƙar Apocalypse ya koma bayansa. To ku kira shi mai taurin zuciya, ku kira shi wanda manufa ta rufe wa ido, amma ba ɗan haya ba. Kuma ni a ganina wannan ya fi ban tsoro ma, don ɗan haya in hatsari ya yi yawa ajiye aikin yake, mai manufa kuwa baya ajiyewa ko wa zai faɗi. Ai Tyler ma, yaron da ya rena, sai da ya harbe shi a can gaba lokacin da Stryfe ya juyar masa da tunani ya yi garkuwa da ɗaya daga cikin mutanensu, kuma Tyler ɗin ne ya dawo da sunan Tolliver.

Ɗan Kurmi: 'Yar'uwa wannan gyaran na karɓa, na janye kalmar haya. Amma kin ga kin ƙara min hujja ne. Sau biyu kenan, Hammer da Tyler, duk lokacin da aka sa masa nasa a gefe ɗaya manufa a gefe ɗaya, nasa yake harbi.

Malama Mai Alli: Ba duk lokaci ba, kuma nan ne nake so ka yi adalci. Bayan labarin Messiah Complex, wajen 2008, aka damƙa masa jaririyar nan Hope, ya ɗaure ta a ƙirji ya gudu da ita gaba, Bishop, wani ɗan X-Men da shi ma daga zamanin gaba ya zo, na binsu zai kashe ta don ya yi imani ita ce zata jawo bala'in zamaninsa. Ka lura da kyau, Bishop a nan lissafin Cable na da yake yi, a kashe ɗaya a ceci dubbai, shi kuma Cable ya tsaya yace a'a. Shekara da shekaru yana renonta cikin yunwa da kango, injin tafiyarsa cikin lokaci ya lalace baya iya komawa baya sai dai gaba, har ta girma tana kiransa uba. Sannan a labarin Second Coming a 2010 da X-Force suka maƙale a gaba, ƙofar dawowa bata barin mai nama ya wuce, sai ya saki cutar da ya shekara yana dannewa ta mamaye shi don ya riƙe musu ƙofar su wuce, shi ya tarwatse a wajen. Mutumin da ya bar tawagarsa a gini ya tsira, shine wannan karon ya tsaya tawagar ta tsira. Marubutan da gangan suka yi haka.

Autan Hajiya: Kuma Yaya kar ka manta ko a ƙarshen littafin da ka karanta jiya ya ɗauki Kane ya kai shi zamaninsa aka gyara masa jiki.

Ɗan Kurmi: Na gani, Kane ya samu. Malama maganar Hope ta shige ni gaskiya, ban taɓa haɗa ta da lissafin Bishop haka ba, zan koma in karanta wannan zangon daga farko. Amma ni har yanzu idona na kan Hammer. Hope 'yar da ya rena ce, kowa na iya mutuwa don ɗansa. Hammer abokin aiki ne da ya yarda da shi, ya miƙa faifai don ya ceci ɗan'uwansu, kuma shi aka harba ta baya.

Baban Gareji: Malama in kina da kashin Hope ɗin a waya ki turo min, daga inda ya fara guduwa da ita. Ni a X-Force na tsaya, ban kai nan ba.