Neman kalma: akwatin da ke bayan giyabos a Land Rover Series III

Malamin 'Yan Koyo: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan raba wa yara takardar gyaran Land Rover Series III, ƙirar 1971 zuwa 1985. Na maƙale a sunan akwatin nan da ke manne a bayan giyabos, wanda Turawa ke kira transfer box. Me zan rubuta?

Oga Na-Gareji: Wa alaikumus salam. Ogzilari. Duk yaron gareji ya san shi.

Baba Mai Giya: Ogzilari sunan aikin ne, Oga. In direba ya ce ya sa ogzilari, yana nufin tayoyi huɗu na ja. Shi akwatin aiki biyu gare shi. In ka danna sanda mai rawayan kai, furofelar gaba ta haɗu da ta baya, gudu bai canza ba. In ka tsaya ka ja mai jan kai baya, ragin gudu ya tashi daga 1.15 zuwa 2.35, furofelar gaba ta shiga da kanta, rawayar ta yi sama. A rubuta ƙaramin giyabos.

Ɗan Hausa Tsantsa: Haba Baba! Giyabos Hausa ce? Tun bara nake cewa a kira shi rarrabau. Yana rarraba ƙarfi gaba da baya, kuma kalmar ta hau tsarin harshe daram.

Baba Mai Giya: Malam, a wannan motar ba ya raba komai, kullewa yake yi. Babu difaranshal a tsakiya, wato abin da ke barin tayoyin gaba da na baya su juya da gudu daban-daban. Shi ya sa in aka bar ta a ogzilari kan kwalta, gaba da baya ke murɗe juna a kwana, taya ta ci, sanda ta ƙi fita, wani lokaci sandar aksul ta karye. Rarrabau ya fi dacewa da na Land Rover Defender, mai difaranshal a tsakiya. Yaron da ya karanta "rarrabau" zai ɗauka yana iya hawa titi da ita haka.

Makaniken Damagaram: Mu nan kat-kat muke ce wa motar, akwatin kuma bwat. Kullum sai a yanke magana a Kano kamar sauranmu ba Hausa muke yi ba.

Ɗan Hausa Tsantsa: Ku kun aro na Faransa, su sun aro na Ingila, duk kanwar ja ce. Harshen da ya haifi jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba zai gagara haifar rarrabau ba.

Oga Na-Gareji: To je kasuwar kayan gyara ka ce a ba ka oyilsil na rarrabau, mu ga abin da za a miƙo maka.

Malamin 'Yan Koyo: Don Allah a dawo kan takarda. Akwai sashen mai ma, kuma dole sunan giyabos da na akwatin su bambanta.

Baba Mai Giya: Nan ne ma sunan ke da amfani. Kowanne da mansa, man giya EP90: babban giyabos lita 1.5, ƙaramin kusan lita 2.5, a zuba har ya fara tsiyaya ta ramin gefe. In oyilsil ɗin da ke tsakaninsu, wato robar da ke tare mai, ya mutu, mai na gudowa daga babba zuwa ƙarami, sai ka tarar ƙaramin ya cika ya batse, babban ya bushe yana cin boris. In na baya ne ya mutu, mai zai jiƙe takalman birkin hannu, domin gangarsa a jikin ƙaramin take. Wajen haɗawa, giyar tsakiya ta samu wasan gefe na milimita 0.10 zuwa 0.20, da shim, wato siririn zoben ƙarfe, ake daidaitawa. Notin furofelar baya da ke bakin akwatin a ɗaure shi tam. In ya saki, allurar gudu za ta riƙa rawa.

Makaniken Damagaram: Babba da ƙarami, wannan kowa zai gane har a wajenmu. Amma a ambaci bwat sau ɗaya.

Malamin 'Yan Koyo: Na gode. Zan sa ƙaramin giyabos, ogzilari ga jan tayoyi huɗu, giyar ƙarfi in jar sanda tana baya, giyar gudu in tana gaba. Bwat zai shiga layin farko.

Ɗan Hausa Tsantsa: Giyar ƙarfi na yarda da ita. Giyabos kam ban yarda ba. A ajiye mini rarrabau, in kun zo takardar Defender zan sake kawo shi.