Koyarwa a jami'a kan tattalin arzikin yankuna, ko in riƙe rumfar Baba?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum. Na karanci labarin ƙasa, bara na gama bautar ƙasa. Mahaifina dillalin hatsi ne a Dawanau, tun ina yaro nake ganin wake yana shigowa daga Maraɗi. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, a idona ciniki ya ja baya, 'yan dako suka rasa na cefane. Tun daga nan tambaya ɗaya ke cina: me ke ɗaga wani gari, maƙwabcinsa yana durƙushewa? Ina son in zama malamin jami'a a wannan fanni, Baba kuma ya ce in zo rumfa. A ba ni shawara don Allah.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ba zan ɓoye maka ba: in babu digiri na uku ba ka yin nisa, ƙarin girma kuma sai da maƙalolin da ka wallafa. Albashi da ƙyar yake kai ƙarshen wata, a 2022 wata takwas muka yi muna yajin aiki. Amma fannin yana da manya. Akin Mabogunje na Ibadan shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, a 1980. Michael Mortimore kuwa ƙauyukan kewayen Kano ya bi, ya nuna yadda takin da jakuna ke ɗebowa daga birni ke raya gonar da ake nomawa duk shekara ba hutu.

Yar Kakuri:
Ƙanena, kada ka raba biyun. Ni ina digiri na uku kan mutuwar masaƙun Kaduna, kuma babbar wahalata alƙaluma. Ƙidayar ƙarshe tun 2006 ce! Dole ka taka da ƙafarka, dillali kuwa ba ya faɗa wa baƙo gaskiyar farashi. Kai ɗan gida ne. Ka zauna rumfar, ka riƙa rubuta buhu nawa ya shigo, daga ina, kan nawa. Ka koyi zana taswira da kwamfuta. Tallafin ƙarin karatu na TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, sai wanda ya riga ya samu aikin koyarwa, kada ka dogara da shi yanzu.

Bamarade:
Ka ƙara da Faransanci, rahotannin ɓangarenmu na Nijar duk da shi ake rubuta su. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi ana ginawa, ka fara ɗaukar farashin dako tun kafin jirgi ya taso.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai. Yaya Yar Kakuri, littafin cinikin Baba na shekarun baya yana nan. Za a karɓe shi a bincike?